Ginza, Omotesando ko Gion: wace unguwar manya za ka ba ragowar kwanakinka a Japan?

Wanda aiki ko taro ko sarin motoci ya kai shi Japan, sau da yawa kwana ɗaya ko biyu ne suke rage masa kafin jirgin komawa gida. A nan ake shiga ruɗu. Wannan ya ce kada ka kuskura ka dawo ba ka taka Ginza ba, wancan ya ce ai Omotesando ake yayi yanzu, na uku kuma ya dage cewa wanda bai ga Gion ta birnin Kyoto ba bai ga Japan ba. Duka ukun unguwannin masu hannu da shuni ne, duka suna da tarihi da abinci mai suna, amma abin da kowacce take ba baƙo daban ne, haka ma yadda take cin aljihunsa.

Ma'aunin da na ɗora su a kai

Na farko kuɗi. Tsada dai duk suna da ita, don haka abin tambaya shi ne ko akwai ƙaramar ƙofa da mai matsakaicin ƙarfi zai bi ya ga ainihin abin da ya sa unguwar ta yi suna. Na biyu sauƙin zuwa da yawo. Na uku abinci da sallah, domin mafi yawan masu karanta wannan Musulmi ne, kuma girkin Japan cike yake da giyar shinkafa da naman alade a wuraren da ido ba ya gani. Na huɗu ɗorewa: wane tarihi ne har yanzu yake tsaye a ƙasa, kuma wace tsaraba za ka kawo gida ta shekara goma tana aiki. Na ƙarshe haɗari. Japan ƙasa ce mai tsaro sosai, sata a titi ba abin da zai dame ka ba ne. Haɗarin da nake nufi na asarar kuɗi ne, da tara, da jin kunya saboda rashin sanin al'ada.

Ginza, a tsakiyar Tokyo

Sunan kansa tarihi ne. A shekarar 1612 gwamnatin gidan Tokugawa ta dawo da gidan buga kuɗin azurfa wannan wuri, lokacin ana kiran birnin Edo. "Gin" azurfa ke nan da harshensu, "za" kuma ƙungiyar masu sana'a. An ɗauke gidan buga kuɗin a 1800, sunan ya zauna. A 1872 gobara ta cinye unguwar, sabuwar gwamnatin Sarki Meiji ta ɗauko wani magini ɗan ƙasar Ailan, Thomas Waters, ya sake gina ta da jan bulo da faffaɗan titi irin na Turai. Girgizar ƙasar 1923 ta rushe wannan, bama-baman 1945 suka ƙona abin da aka sake ginawa. Saboda haka wanda ya je Ginza neman tsofaffin gine-gine zai dawo da hannu rabbana. Kusan abin da ya tsira mai jan ido shi ne ginin Wako mai hasumiyar agogo a mahaɗar Ginza 4-chome (kashi na huɗu na unguwar), wanda aka kammala a 1932, na kamfanin da Kintaro Hattori ya kafa, wato Seiko mai ƙera agogo.

Tsufan Ginza a cikin shaguna yake. Shiseido ya fara ne a nan a 1872 a matsayin kantin magani. Gidan burodin Kimuraya ya ƙirƙiro anpan, burodi mai cikin daka jan wake da sukari, a 1874, aka kai wa Sarki Meiji a shekarar da ta biyo baya. Mikimoto mai lu'ulu'u ya buɗe shago a 1899, Itoya mai kayan rubutu a 1904, gidan kofi na Paulista a 1911. Duk suna nan suna ciniki. Gaban shagon Kyukyodo, mai sayar da takarda da turaren wuta da alƙaluman gashi, shi ne filin da hukumar haraji take bayyanawa a matsayin mafi tsada a gefen titi a duk ƙasar, shekara kusan 40 a jere, murabba'in mita ɗaya ya haura yen miliyan 40. Duk da haka za ka iya shiga wannan shagon ka sayi katin gaisuwa na yen ɗari kaɗan, a naɗe maka shi da ladabin da za a yi wa mai sayen abin dubu ɗari. Wannan hali shi ne ya sa nake fifita Ginza.

Ta fuskar kuɗi, samanta ba shi da iyaka. Gidajen sushi (dunƙulen shinkafa da yankan kifi a kai) na alfarma ƙananan ɗakuna ne masu kujera takwas zuwa goma, a zauna a gaban mai girki ya riƙa miƙo ɗaya bayan ɗaya bisa tsarin omakase, ma'ana "na bar maka zaɓi". Abincin dare a irin waɗannan yakan fara daga wajen yen 30,000 mutum ɗaya. Sukiyabashi Jiro, inda firaministan Japan na lokacin, Shinzo Abe, ya kai Barack Obama a 2014, ya kai matsayin da kundin Michelin mai tantance manyan gidajen abinci ya cire shi a 2019 saboda ba ya karɓar ajiyar wuri daga gama-garin mutane. Amma ƙananan ƙofofin suna da yawa. Abincin rana a gidaje da dama yana yin ƙasa sosai da na dare. A ƙasan manyan kantuna irin su Mitsukoshi da Matsuya akwai depachika, kasuwar abinci ta ƙarƙashin bene, inda ake jera kifi da 'ya'yan itace da kayan zaƙi kamar kayan lefe, kuma dab da rufewa ana rage farashi. Ranakun Asabar da Lahadi, bisa al'adar da ta faro a 1970, ana rufe babban titin Chuo daga tsakar rana zuwa yamma, motoci su kauce, a fito da kujeru da lema a tsakiyar kwalta. Wannan kyauta ne. Mutanen Tokyo har kalma suke da ita ta wannan yawo, ginbura.

Abin da ya fi komai daraja a wurina shi ne Kabukiza, gidan kabuki, wasan kwaikwayon gargajiya na Japan, da aka fara buɗewa a 1889. Ginin da ke tsaye yanzu shi ne na biyar, an buɗe shi a 2013. Cikakken wasa yana ɗaukar awa uku zuwa huɗu kuma kujerun gaba suna da tsada, amma akwai tikitin fita ɗaya a hawa na huɗu, wanda yawanci yake tsakanin yen 1,000 da 2,000. Maza ne kaɗai suke wasan, har matsayin mata su suke hawa, tun bayan da hukuma ta hana mata hawa dandali a 1629. Ko kalma ɗaya ba ka ji, kiɗan da tufafin da yadda 'yan kallo suke kiran kirarin gidan ɗan wasa daga can sama sun isa su riƙe ka. Bahaushen da ya saba da kirari a fagen dambe zai gane abin da ke faruwa nan take.

Sauƙi kuwa babu kamarta. Layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa uku ne suka haɗu a tashar Ginza. Tashar Higashi-Ginza, wadda take haɗe da Kabukiza, tana kan layin Asakusa mai jirage kai tsaye zuwa filayen jirgin sama na Haneda da Narita. Unguwar shimfiɗaɗɗiya ce, tituna a miƙe, kashi takwas, da wuya mutum ya ɓata. Otal a cikinta da tsada, amma a Shimbashi da Kyobashi da Tsukiji, tafiyar minti goma zuwa sha biyar a ƙasa, akwai ƙananan otal na ma'aikata masu sauƙin kuɗi, sai dai ɗakunan matsattsu ne. Kasuwar Tsukiji ta waje tana nan da safe duk da cewa babbar kasuwar kifin ta koma Toyosu a 2018. Masu wuƙaƙen girki na can suna sayar da wuƙar da za a gada, kawai ka tuna ka sa ta a jakar da za a auna.

Batun abinci na buƙatar nutsuwa. Ganin kifi da shinkafa ba ya nufin an tsira. Ana yawan sa mirin da sake, dukkansu giyar shinkafa, a cikin miyar da ake shafa wa kifi da ƙwai da gasasshen nama. Wasu gidajen sushi suna jiƙa shinkafarsu da jan ruwan tsami da ake yi da dusar giya. Shi kansa anpan na Kimuraya da tsimin da ake tayar da giyar shinkafa ake kumbura shi, don haka mai tsantseni ya san da wannan. Rengatei, tsohon gidan abinci na 1895, da soyayyen naman alade ya yi suna. Ka haddace waɗannan alamomi ko ka ajiye hotonsu a waya: 豚 alade, 酒 giya, みりん mirin. Akwai gidajen abinci masu shaidar halal a Ginza da kewaye, na naman shanun Japan (wagyu) da na Indiya da na Turkiyya, amma suna buɗewa suna rufewa, ka tabbatar ta intanet a ranar.

Haɗari uku ne. Gidan abinci na alfarma idan ka ajiye wuri ba ka zo ba, yawanci sai ka biya kuɗin abincin gaba ɗaya, makara ta minti goma sha biyar ma laifi ce babba. Na biyu turare. Mu mutane ne masu son turare mai ƙarfi, amma a ɗakin sushi mai kujera goma ana ɗaukarsa a matsayin ɓata wa sauran baƙi ɗanɗano, wasu gidajen ma sun rubuta hani a ƙa'idarsu. Ka bar kwalbar a otal ranar. Na uku gidajen shan dare na lungunan 7-chome da 8-chome, waɗanda zama kaɗai a cikinsu kuɗi ne mai yawa. Babu abin da ya kai ka can.

Omotesando da Aoyama

Wannan unguwa, ita ma a Tokyo take, yarinya ce idan aka kwatanta. An shimfiɗa titin a 1920 a matsayin hanyar shiga wurin bautar Meiji, aka jera masa itatuwan keyaki gefe da gefe, su ne suke ba shi inuwar da Ginza ba ta da ita. Abin kallonta gine-ginen zamani ne: shagon Prada na gilashi da aka gama a 2003, da Omotesando Hills na Tadao Ando da aka buɗe a 2006 a kan filin tsofaffin gidajen Dojunkai. Mai karatun zanen gini zai yini a nan bai gaji ba. A ƙarshen titin ta ɓangaren Aoyama akwai gidan tarihin Nezu, mai lambu da tafki da shiru, kuɗin shiga ƙasa da yen 2,000, inda ake fito da shahararren zanen furanni na Ogata Korin a wajen ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu. A ɗaya ƙarshen kuma dajin Meiji ne, itatuwa kusan 100,000 da jama'a suka bayar daga sassan ƙasar aka dasa da hannu. Shiga kyauta ne, kuma mutum zai iya yawo a dajin ba tare da ya shiga harkar bautar ba.

Kayan sawa na manyan kamfanonin Turai ne suka cika babban titin, irin waɗanda za ka samu a Dubai ko Landan, don haka ban ga hikimar ɗauko su daga nan ba. Lungunan baya, wajen Harajuku, sun fi armashi da sauƙin kuɗi: ƙananan shagunan tufafi, takalma, gidajen kofi. Sai dai kayan yayi ne, bana a so su baɗi a manta. Abincin unguwar ma haka yake, kek da kofi da girkin Turai sun fi yawa, kuma layin jira a ƙofar gidan da ake yayi yakan ci awa guda ranar hutu.

Babban abin da Omotesando ta fi sauran biyun da shi shi ne masallaci. Daga tasharta, tasha uku ce a layin Chiyoda zuwa Yoyogi-Uehara, inda Tokyo Camii yake. Tatar da suka yi hijira daga Rasha ne suka gina na farko a 1938, aka rushe shi a 1986 saboda tsufa, Turkiyya ta sake gina shi da salon Usmaniyya aka buɗe a 2000. Ana sallar Juma'a, akwai wurin mata, akwai kantin kayan halal a harabar. Wanda ranarsa ta faɗo Juma'a, wannan kaɗai ya isa ya yanke masa shawara. Haɗarin unguwar kaɗan ne: cunkoso, da hawa da gangara a lunguna ga mai ciwon gwiwa. Daga Ginza kuma bai kai minti ashirin ba a layi ɗaya, ba sauyin jirgi.

Gion, a Kyoto

Kyoto ta yi babban birnin ƙasar daga 794 har zuwa 1868, kuma bama-baman yaƙi ba su yi mata irin ɓarnar da suka yi wa Tokyo ba. Shi ya sa Gion take da abin da Ginza ta rasa: gidajen katako masu hawa biyu, tagogin sanduna, fitilun takarda, titin Hanamikoji da bakin rafin Shirakawa. Unguwar ta taso ne daga gidajen shayi masu hidimar maziyartan wurin bautar Yasaka. A kudancinta akwai Kenninji na 1202, mafi tsufan gidan ibadar Zen a birnin. A bakin kogin Kamo, nan kusa, wata mata mai suna Izumo no Okuni ta fara wasan da ya zama kabuki a wajen 1603, gidan wasa na Minamiza yana tsaye a wurin har yau. Bikin Gion, wanda ake danganta asalinsa da annobar 869, yana cin watan Yuli gaba ɗaya, manyan jerin gwanon a ranakun 17 da 24.

Matsalar Gion ita ce ƙofarta a rufe take. Gidajen shayin da geiko, ƙwararrun mata masu nishaɗantar da baƙi, da ɗalibansu maiko suke rawa da kiɗa suna da tsohuwar ƙa'ida, ichigen-san okotowari: ba a karɓar baƙon da wani tsohon abokin ciniki bai gabatar da shi ba. Kuɗi kaɗai ba ya buɗe ta. Ko an buɗe, zama ne da aka gina a kan shan giya, wanda bai dace da yawancinmu ba. Abin da ya rage wa baƙo shi ne kallon waje, ko tikitin rawar Miyako Odori da ake yi duk watan Afrilu tun 1872, ko gajeren nunin al'adu na Gion Corner. Suna da kyau, amma mutum ya san daga tsakar gida yake leƙe.

Kuɗin zuwa shi ne babban nauyi. Jirgin ƙasa na Shinkansen mafi sauri daga Tokyo yana ɗaukar kamar awa biyu da kwata, kujera ɗaya wajen yen 14,000 zuwa kawai. Ka ninka biyu, ka ƙara otal, wanda farashinsa yake tashi sosai lokacin furen sakura a ƙarshen Maris da farkon Afrilu da lokacin jan ganye a Nuwamba. Bas daga tashar Kyoto zuwa Gion cike yake maƙil a waɗannan lokuta. Zuwa da dawowa rana ɗaya yana yiwuwa, amma gajiya ce, kuma Gion da sassafe ko bayan magariba take nuna kyanta, daidai lokacin da mai komawa Tokyo yake cikin jirgi.

Abincinta na alfarma shi ne kaiseki, ƙananan kwanuka bi da bi bisa abin da yanayin shekara ya kawo. Naman alade ba shi da yawa a ciki, amma sake da mirin suna cikin kusan kowane romo, kuma mai girkin ba zai sauya tsarinsa a ranar ba sai an sanar da shi tun wajen ajiye wuri. Kayan zaƙin gargajiya sun fi sauƙi, domin yawanci wake ne da shinkafa da sukari da kanten, wanda ake samu daga ciyawar teku. Tsohon shagon Kagizen Yoshifusa ya yi suna da kuzukiri, sanyayyen zaren sitaci da ake tsomawa a baƙin sukari. Tsarabar Kyoto kuwa ta fi ta ko'ina ɗorewa: mahuci mai naɗewa, turaren wuta, kwanukan shayi, da wuƙaƙen Aritsugu a kasuwar Nishiki, tsallaken kogi, gidan maƙeran da ya faro tun 1560.

Haɗarin tara a nan yake. Saboda yadda baƙi suka riƙa tare maiko a hanya suna jan rigunansu, mazauna unguwar sun hana ɗaukar hoto a lungunan da suke mallakin mutane tun 2019, da tarar yen 10,000, a 2024 kuma aka kafa allunan hana shiga wasu lungunan gaba ɗaya. Ka tsaya a manyan tituna. Idan ka ga maiko, aiki za ta, ka ba ta hanya. Ka kuma sa safa mai tsabta, domin gidaje da yawa a kan tabarmar tatami ake zama, takalmi a ƙofa.

| Ma'auni | Ginza | Omotesando | Gion |
|---|---|---|---|
| Kuɗin zuwa daga tsakiyar Tokyo | Yen ɗari kaɗan | Yen ɗari kaɗan | Wajen yen 28,000 zuwa da dawowa |
| Ƙofar mai ƙaramin ƙarfi | A buɗe: kabuki fita ɗaya, depachika, titin ƙarshen mako | A buɗe: daji, Nezu, lunguna | Ƙunci: kallon waje da nunin tikiti |
| Tarihin da ke tsaye | Shaguna da sana'o'i | Kaɗan, na ƙarni na 20 | Gidaje da tituna da wuraren ibada |
| Halal | Akwai, sai an nema | Kantin masallaci a kusa | Sai an tsara tun da wuri |
| Sallah | Otal ko ɗakin sallah na wasu kantuna | Tokyo Camii, tasha uku | Otal ya fi tabbas |
| Tsarabar da za ta daɗe | Agogo, alƙalami, lu'ulu'u, wuƙa | Tufafin yayi | Mahuci, turare, kwano, wuƙa |
| Babban haɗari | Kuɗin soke ajiyar wuri | Cunkoso da layi | Tarar hoto, cunkoso, gajiya |
| Lokacin da take buƙata | Rabin yini zuwa yini | Rabin yini | Kwana ɗaya aƙalla |

Wa ya dace da wacce

Idan yini ɗaya ne a hannunka kuma jirginka daga Haneda ko Narita zai tashi, Ginza. Ka fara da Tsukiji da safe, Asabar ta fi domin shaguna da yawa a can ba sa buɗewa Lahadi, ka shiga Kabukiza fita ɗaya, ka fito titin Chuo bayan an kori motoci, ka ɗauki jakarka ka hau jirgi a Higashi-Ginza. Haka ma ɗan kasuwar da yake son karrama abokin hulɗa ɗan Japan, sunan Ginza kaɗai girmamawa ne a wurinsu, sai dai ka roƙi ma'aikatan otal su ajiye maka wurin su kuma faɗi abin da ba ka ci.

Idan da iyali kake, ko ranar Juma'a ce, ko kana son wurin da yara za su sake a ƙarƙashin itatuwa, Omotesando, a haɗa da masallaci. Ɗalibin zanen gini da matashi mai son tufafi su ma nan ce tasu. Mai yini biyu a Tokyo ba ya buƙatar zaɓi tsakanin waɗannan biyun, layi ɗaya ya haɗa su.

Gion ta mai kwana uku ko fiye ce, wanda zai kwana a Kyoto, ya fito Hanamikoji da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso, ya kuma haɗa ta da sauran birnin. Wanda tsohon gini da sana'ar hannu suka fi damunsa fiye da cin abinci da sayayya, kuɗin jirgin ba zai yi masa ciwo ba. Dattijo mai wahalar tafiya, ko wanda zai je a tsakiyar zafin Yuli da Agusta, gara ya tsaya Ginza, inda hanyoyin ƙarƙashin ƙasa suka haɗa tasha da manyan kantuna kuma lif yana kusan kowane gini.